Arzika Gola da Sandar Sama

Duk wanda ya zauna Illo a zamaninmu ya san Juma'a ba ta cika sai Arzika Gola ya fito da ƙwallonsa shan iska. Da hantsi zai shimfiɗa buzu a ƙofar gida, ya ciro ta daga tukunyar da yake ajiye ta, ya lakato man kaɗe ya bi ta ɗinki-ɗinki yana shafawa, bakinsa na motsi. Har ya koma ga Allah ba mu gane ko addu'a yake yi ko hira yake da ita ba. In ya gama sai ya maƙale ta a hammata ya zaga gari gaisuwa, daga bakin kasuwa har ƙofar hakimi. Yaro ya kuskura ya miƙo ƙafa, sai ka ji tsawa:

"Kai! Sannu-sannu, hwata ta!"

Wato fata ce, kada a ji mata ciwo. Jama'a, ƙwallo fa!

Ni Bawa Tela ina da ikon faɗin wannan, don taubashina ne, uwarsa da ubana ciki ɗaya suka fito. Na tsokane shi yana raye, ba kuwa zan fasa don ya mutu ba. Shi ma da ni na riga shi, da yanzu yana zaune ƙofar shagona yana ba ku labarin wandunan mutane da na ɓata.

Saboda yaran da ba su riski abin ba, bari in ɗan koma baya. Lokacin da sojojinmu suka dawo daga yaƙin Bama, Arzika na cikinsu. Wasu sun dawo da bargo, wasu da agogo, shi kuwa da tamaula ya dawo, irin mai igiyar ɗauri a baki. Shi da 'yan uwansa tsofaffin soja suka haɗu da malaman makaranta da wasu akawuna suka kafa ƙungiya, suka sa mata suna Dorina. Kada ku raina ta! Dorina ta yi tashe. Daga Bagudo ake tsallako kogi a zo kallo, Dandawan tsallaken iyaka kuma duk kaka sai sun zo an gwabza, su koma gida suna ƙunƙuni. Arzika ne mai tsaron gida, kuma zai rantse maka ba a taɓa cin sa ta sama ba.

Gaskiya yake faɗi, amma ku ji dalili. A lokacin raga ba ta da sandar sama, turaku biyu ne kawai a kafe. Dokarmu ita ce, in ƙwallo ta wuce inda hannun gola ya kai in ya ɗaga shi, to ta yi sama, ba ci ba ne. Arzika kuwa, Allah Ya jiƙansa, kun san shi. Danginmu kaf gajeru ne, amma shi ko a cikinmu ɗan autan tsawo ne. Ga shi ba ya tsalle, wai tsalle na mara kunya ne. Da shekaru suka fara ja ma, hannun ba ya wuce kunne. Ƙwallo za ta bi ta saman hularsa fiu, sai ya ɗaga yatsa ya ce, "Sama!" Magana ta ƙare, a je a ɗauko.

Yadda Dorina ta mutu kuwa, ba annoba ba ce, ba rigima ba ce. Wata rana ƙaya ta huda tamaular, mai gyaran keke ya liƙe ta da ƙyar. Tun daga ranar Arzika ya yanke hukunci ba za a ƙara fito da ita ba sai wasa mai muhimmanci. Aka yi ta kawo wasa yana cewa wannan bai kai ba. 'Yan Bagudo suka aiko, ya ce ƙafafunsu kaushi gare su. Dandawa suka aiko, ya ce a bari ƙasa ta yi sanyi. A haka 'yan wasa suka watse, wannan ya yi aure, wancan ya yi tumbi, filin ya koma wurin ɗaure jakuna ranar kasuwa. Wajen shekara goma ke nan ba a buga komai ba, amma ka ce masa Dorina ta mutu ka ga tashin hankali.

"Wa yac ce ta mutu? Ni dai ba a sallame ni ba."

Matarsa Kulu ta gaji da ganin man kaɗenta na ƙarewa, ta ce, "Malam, man ga na miya na."

Ya ce, "Miya yau aka sha a manta. Wagga ko har jikoki."

To, sai ga shekarar 'yancin kai ta zo. Dahome, wadda yanzu kuke kira Benin, ta riga mu samun nata da wata biyu, Dandawa suka ishe mu da yanga a kasuwa. Alhaji Nomau mai shinkafa, wanda ya fara ajiye mota a garin nan, abin ya tsaya masa a rai. Ya ce wallahi ranar da za a ɗaga tutarmu sai mun ci Dandawa a ƙwallo a gaban hakimi. Ya ɗauki goro ya kai fada, aka tara tsofaffin 'yan Dorina da suka rage, ya ce yana so a sallama masa ƙungiya, shi zai riƙe ta, ci da sha da sutura duk a wuyansa. Hakimi ya tambaya me ƙungiyar ta mallaka. Aka duba aka ga suna, da fili mai kashin jaki, da tamaula ɗaya, da Arzika.

Kowa ya ce ya yarda. Alhaji ya juya ya ce, "To Kawu, a kawo ƙwallo."

Arzika ya ƙara matse ta a hammata. "Dorina anka ba ka, ba a ba ka ƙwallo ba."

"To mi nis samu ke nan?"

"Ka samu suna, ka samu hili, ka samu gola. Kai wane irin mai haɗama na?"

Alhaji mutum ne mai haƙuri, ya ce ba komai, zai sa a kawo sababbi daga Sakkwato. Sai dai yana so a sake wa ƙungiya suna, a sa wani abu mai 'yanci a ciki, ya dace da zamani. Nan fa Arzika ya miƙe tsaye, ko da yake tsayuwarsa da zamansa ba su da wani bambanci.

"Ranka shi daɗe, a tambaya min Alhaji, garinsu ana yanka wa mai gemu ragon suna?"

Hakimi ya rufe baki da hannun riga. Suna ya zauna Dorina.

Kaya suka iso a motar Alhaji: ƙwallaye, da usur, da takalma masu ƙusoshi a ƙasa, abin da ba mu taɓa gani ba. Riguna kuwa ni aka ba ɗinki, kore da fari. Kowa ya zo na gwada shi ya tafi. Arzika ya zo, na ɗora masa awo, sai ya riƙe min hannu.

"Tela, ka bar min kalmasa babba a ƙasa."

"Ta mi?"

"Ko da Allah Ya sa in ƙara tsawo."

Mutum ya haura hamsin, furfura har a gira! Na ce, "Arzika, abin da bai zo ba kana shan nono, yanzu za shi zo?" Ya ce in yi aikina, ikon Allah ba a shagona yake ba. Na bar masa kalmasa kusan taƙi guda, rigar ta yi nauyi a gindi kamar labule.

Takalmin kuwa, ya karɓa da hannu biyu ya yi godiya. Amma ranar farko a fili sai ga shi ya rataya su a wuya, ƙafa ba komai. Alhaji ya ce, "Kawu, sawa aka yi." Ya ce ya sani, amma wane mahaukaci ne zai sa sabon takalmi ya shiga turɓaya yana shurin abu? Sai ranar Juma'a muka ji ƙwas, ƙwas, ƙwas daga nesa. Arzika ne da babbar riga da takalmin ƙwallo ya nufi masallaci, yana tafiya kamar mai taka ƙwai. Daga ranar suka zama takalman Juma'a da ɗaurin aure, ko sau ɗaya ba su taɓa ƙwallo ba.

Duk wannan wasa ne. Tashin hankalin gaske ya zo ne da Malam Isa, wani saurayin malamin makaranta da Alhaji ya ɗauko ya horar da 'yan wasa. Yaron kirki ne, ya yi ƙwallo a kwaleji, ya san dokokinta na zamani. Ya sa aka kori jakuna, aka share fili, kafinta ya kafa sababbin turaku na ƙirya. Sarkawa suka ba da tsohon taru aka rataya a baya, wanda ƙarnin kifinsa ya tara mana duk kyanwowin unguwa. Sannan aka ɗauko wata doguwar sanda aka gicciya a sama aka buga ƙusa.

Arzika ya zo ya tsaya ƙarƙashinta ya ɗaga kai har hularsa ta faɗi.

"Malam, wagga shanya ta mi ta?"

Malam Isa ya ce, "Baba, sandar sama ke nan. Duk ƙwallon da ta bi ta ƙarƙashinta, ci ne."

"Ko hannuna bai kai ba?"

"Ko bai kai ba."

"To wa anka auna da ita? Raƙumi?"

Kamar an ji shi, bayan kwana biyu Malam Isa ya zo da raƙumin. Wani saurayin Bafillace ne daga Matsinkai, sunansa Altine. A kasuwa ya gan shi yana sauke kaya daga saman mota ba tare da ya taka taya ba. Yaro mai kunya, ba ya haɗa ido da babba, amma in ya tsaya cikin raga ya buɗe hannuwa sai ka rasa ta inda ko kaza za ta bi. Kowa ya gane abin da ake nufi, Arzika ma ya gane. Ranar bai yi wa kowa tsawa ba, ni kuwa abin ya taɓa ni, don na san ban da ragar nan ba shi da wani abin da ake kiran sunansa da shi a garin nan. Gona tasa 'yar kaɗan ce, 'ya'ya Allah bai bar masa ba. Gola kawai yake da ita.

Alhaji ya rasa yadda zai yi. Malam Isa na cewa in ana son cin Dandawa sai Altine, Arzika kuwa abokin mahaifin Alhaji ne, ba ya iya duban idonsa ya ce ya fita. A shagona suka yi maganar, ina jin su ina taka keke. Daga ƙarshe Alhaji ya ce, "Kawu, ga yadda za mu yi. Ranar 'yanci kai ka tsaron gida. In ƙwallo ta shiga ta bisa kanka, ka bar ma Altine har abada. In ba ta shiga ba, raga taka ta, ba mai ƙara yi ma magana."

Arzika ya ce, "Tela, ka shaida?"

Na ce na shaida. A raina kuwa na ce taubashi ya gama yawo.

Ashe ban san shi ba. Lokacin ƙarshen damina ne, ƙasa da laushi. Akwai ragar gabas, ta wajen tsamiya, wadda tun zamanin tsohuwar Dorina nan yake tsayawa, ba ya yarda kowa ya shige ta, Altine can yamma ake kai shi. Wata rana da azahar, rana ta take, kowa ya shige inuwa, na fito zan kai wa wani ɗinki sai na hango mutum durƙushe gindin turke da dagi da tulun ruwa. Na matsa. Arzika ne. Yana haƙa ta gefe, ya kwashe ƙasar da ke ƙarƙashin turken, ya zuba ruwa, ya rungume turken ya girgiza shi har ya ɗan nutse. Sai ya mayar da ƙasa ya tattake, ya watsa busasshen kashin jaki a kai. Ƙasar da ta rage kuma ba ya zubarwa, tsakiyar raga yake baza ta, daidai inda yake tsayawa.

Na ce, "Arzika, mi kaka yi?"

Ko ɗagowa bai yi ba. "Gara nika dubawa. Kayan Alhaji na, amana ta."

Haka ya yi ta duban gara kullum, yau turken dama, gobe na hagu. Sama na saukowa, ƙasa na hawa. Kafin a jima duk garin an sani, har mata a bakin rijiya, amma ba wanda ya ce uffan, don kowa na son ya ga ƙarshen abin. Malam Isa kaɗai ne bai sani ba, shi kullum yana tsakiyar fili da usur a baki yana fama da masu gudu da ƙwallo a hannu. Sau ɗaya dai ya tsaya ya ƙura wa ragar ido, ya karkata kai.

"Baba, ragar nan kamar ta gajarce."

Arzika ya miƙa hannu ya dafa sandar sama hankali kwance. "A'a Malam, ni nika ƙara tsawo. Tambayi Tela, shi yab bar min kalmasa."

Ranar 'yanci ta zo. Tun da safe aka ɗaga tuta, 'yan makaranta suka yi maci, aka ci shinkafa da nama har aka bar saura. Bayan la'asar gari ya tattaru a fili, hakimi a rumfa, makaɗa a gefe, Alhaji Nomau sai kai da kawowa yake cikin sabuwar shadda. Dandawa suka iso a kan kekuna, kyaftin ɗinsu Zakari a gaba, wanda ƙanwar Kulu yake aure. Alƙalin wasa kuwa wani malamin asibiti ne da aka ɗauko daga Birnin Kebbi, mutum mai gajeren wando da doguwar safa, ba ya dariya.

Aka yi ƙuri'ar zaɓen gefe, ta faɗa wa Dandawa. Na ce a raina yanzu za su zaɓi ragar gabas. Zakari ya taka ya je ya dube ta, ya dawo ya dubi ta yamma, sai na ga yana murmushi, ya gai da Arzika da Dandanci.

"Fofo, Yaya Arzika. Ɗauki wadda kaka so, kai na babba."

Arzika ya wuce ragarsa yana cewa yaron nan akwai tarbiyya. Sai a lokacin Malam Isa ya ga ragogin biyu da idon basira, ya dafe kai. Amma hakimi ya riga ya zauna, an hura usur.

Kai, ranar Arzika ya yi gola! Dandawa sun fi mu iya wasa, wannan ba a musu. Amma duk wadda suka ɗaga sai ta bi ta saman sanda ta faɗa cikin tsamiya, shi kuwa ya ɗaga yatsa ya ce, "Sama!" jama'a su amsa, "Sama!" Wadda ta zo ta ƙasa kuwa, nan ne gidansa, ya faɗa mata da ciki ya rungume. Ana cikin haka wani yaronmu ɗan Bagudo ya samu ƙwallo a gaban ragarsu, ya rufe ido ya ɗaɗa, sai ga ta cikin taru. Filin ya kaure, makaɗa suka saki Alhaji suka koma wasa Arzika. Aka hura usur na hutu muna da ɗaya, ba su da ko ɗaya.

Aka sha ruwa, aka tsotsi lemo. Arzika ko fitowa bai yi daga ragarsa ba, can aka kai masa. Alƙali ya sake hura usur ya juya hannuwa.

"A canza gefe!"

'Yan wasa suka fara wucewa. Golan Dandawa, wani ɗan dukurƙushi shi ma, ya taho yana washe baki ya tsaya kusa da Arzika yana jira.

To ku sani, a tsohuwar Dorina ba a canza gefe. Ana farawa bayan la'asar, kiran magariba ne ke tashin wasa, inda ka tsaya nan za ka ƙare. Wajen horo ma Malam Isa bai taɓa kai mu hutun rabin lokaci ba, kullum duhu ke korar mu. Wallahi ko ni ban san da wannan doka ba sai ranar.

Arzika ya dubi golan Dandawa. "Kai kuma lahiya?"

Alƙali ya ƙaraso. "Baba, ka koma waccan ragar. Su kuma su dawo nan."

"In koma ina? Nan nika tsayawa tun ba ka san ƙwallo ba."

"Haka doka ta ce."

"Dokar wa?"

"Dokar ƙwallo, ta Turawan da suka kawo ta."

Arzika ya juya wajen rumfa ya ɗaga murya yadda kowa zai ji. "Ranka shi daɗe! Ba yau da sahe anka ce muna Bature ya tahi ba? Ashe ya bar dokatai nan cikin hili?"

Hakimi ya yi dariya har rawaninsa ya karkace. Zakari ya kwanta a ƙasa yana bugun turɓaya. Alƙali dai ko gezau, ya ce ko a canza ko ya tashi wasa ya ba Dandawa. Alhaji ya zo ya yi magana ƙasa-ƙasa, ban ji abin da ya ce ba. Can sai Arzika ya gyara hularsa ta soja, ya kama hanya.

Filin nan ba wani tsawo gare shi ba, amma ranar na ga kamar ba zai kai ba. Ya isa ragar yamma ya tsaya tsakiya. Ya ɗaga hannu. Tsakanin yatsunsa da sandar nan, yaro zai iya zama. Mutane suka fashe da dariya. Sai ya yi abin da ban taɓa ganin ya yi ba tun muna yara: ya yi tsalle. Bai kai ba. Ya ja baya ya sake yi da ƙarfinsa duka, ya sauko ya dafe gwiwa. A nan dariyar ta fara mutuwa. Ni dai na sunkuyar da kai, don tausayinsa ya kama ni ƙwarai.

Alhaji ya ƙwala masa kira daga bakin fili. "Kawu, tsaya abinka! Alkawali na nan, ba a ci ka ba tukuna!"

Gaskiya ne kuwa, yana da ikon tsayawa. Wa ya sani, ƙila ma a tashi ba a ɗaga masa ko ɗaya ba. Ya dubi Alhaji, ya dubi Dandawa da suka jeru suna lasar baki, ya daɗe yana kallon yaran nan namu masu kore da fari da suka yi gudu har harshe ya fito.

"Alhaji, in nit tsaya ci za a yi muna."

Sai ya juya wajen 'yan kallo. "Ina dogon ga? Altine!"

Altine ya fito daga cikin mutane yana noƙewa, ya zo ya durƙusa a gabansa. "Baba, ni ba ni shiga kana tsaye."

"Tashi, dogon banza! Kana tsammani don tsinkar tsamiya Allah Ya ba ka tsawon ga?"

Ya tuɓe rigarsa mai kalmasa ya miƙa masa. Rigar ko cibiyar Altine ba ta rufe ba, amma ba wanda ya yi dariya. Arzika ya fita daga raga da 'yar shara, ya zaga bayan taru ya tsaya, ya harɗe hannuwa a baya irin na soja.

Altine ya yi abin da aka kawo shi ya yi. Duk wadda Dandawa suka ɗaga sai ya tsinke ta a sama kamar mangwaro. Mu kuma can gabas mun rasa ta inda za mu zura, ragar da taubashina ya gyara da hannunsa ta zame mana ƙaya. Ana dab da tashi Zakari ya gane abin, ya daina ɗagawa, ya shimfiɗo wata a ƙasa sulululu. Kafin Altine ya naɗe tsawonsa ya sauko, ta bi ta tsakanin ƙafafunsa ta shige.

Daga bayan raga aka ji murya har fada: "Wayyo! Da ni na, da haƙori nika kama ta!"

Aka tashi ɗaya da ɗaya. Dandawa ba su ci mu ba, mu ma ba mu ci su ba, Alhaji ya ce shi wannan ya ishe shi shiga kasuwa. Dorina kuwa ta tashi ke nan, ga ta nan har yau jikokin Alhaji na riƙe da ita. Washegari Malam Isa ya sa aka tono turakun gabas, Arzika na tsaye yana ba da shawara a kan gara.

Bai ƙara shiga raga ba, amma bai bar bayanta ba. Shekara da shekaru, duk wasan da Altine ya tsaya, yana nan bayan taru yana zazzaga masa faɗa: ka sunkuya, ka haɗe ƙafa, kai wane irin icce na? Altine ya yi aure, ya yi 'ya'ya, shi ma ya bar wa na baya, amma duk sallah sai ya taho daga Matsinkai da ƙwaryar nono ya durƙusa ya sha faɗansa ya koma. In baƙo ya zo gari kuwa, Arzika zai zaunar da shi ya ce, "Ranar 'yanci ni nit tsare gida, ba a ci ni ba. Sai da nib ba yaro."

Ranar da ya rasu, bayan an sallace shi, mu dangi muka kama makara, gajeru-gajeru kamar yadda kuka san mu. Sai ga Altine ya ratso mutane, kansa ya fara furfura, ya kama kusurwa ɗaya ta gaba. Da ya miƙe sai makara ta karkace, har wani ya ce a karɓe shi, tsawon ya yi yawa.  Sai Altine ya lanƙwashe gwiwoyinsa har kafaɗarsa ta zo daidai da tawa, aka ɗaga. Kun san ana karɓar juna a hanya, ni kaina an karɓe ni tun kafin mu wuce kasuwa. Shi kuwa duk wanda ya matso sai ya girgiza kai. A haka ya tafi a rankwafe har maƙabarta, ƙafafunsa na rawa, hawaye na bin gemunsa.

Allah Ya jiƙan Arzika, Ya yafe masa kurakuransa, Ya yalwata masa kabarinsa, Ya sa ya huta. Allah Ya ba Kulu haƙuri. Mu kuma da muka rage, in tamu ta zo, Allah Ya ba mu masu ɗaukar mu haka. Amin.